Malamin da ba ya rubutu ta yaya zai koyar da rubutu? Abin da ya faru a Berkeley daga 1974

A farkon shekarun 1970 jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta shiga wani hali da ya ɗaure wa kowa kai. Jami'a ce fa da ba kowa ke shigarta ba, tsarin ilimin jihar ma cewa ya yi cikin yaran da suka gama sakandare kashi 12.5 cikin 100 na sama kaɗai ne ke da damar samun gurbi a jami'ar Kalifoniya, wato zaƙaƙurai ke nan, amma duk da haka kusan rabin sababbin ɗaliban rubutunsu bai kai ba, sai an tura su wani kwas na gyara da ake kira Subject A kafin su ci gaba. Yaro ya ci jarrabawa da maki mai kyau, ya iya lissafi, ya iya kimiyya, amma ka ce ya rubuta maka shafi 2 ya bayyana ra'ayinsa a kan wani abu sai ka ga ya kame.

Kun san yadda ake yi in irin wannan ta taso. Lakcarori suka ce laifin malaman sakandare ne, malaman sakandare suka ce ai haka yaran suka zo mana daga firamare, na firamare suka ce iyaye ne da talabijin. A watan Disamba na 1975 mujallar Newsweek ta fito da maganar a bangonta, tana tambayar me ya sa yaron Amurka bai iya rubutu ba, har ta kawo misalin Berkeley ɗin, daga nan zance ya cika ƙasa. To amma kafin wannan hayaniyar da shekara guda akwai wani mutum a cikin jami'ar da ya riga ya fara gwada wani abu, kuma shi nake so mu duba yau, don a ganina duk wanda ke riƙe da alli ya kamata ya san wannan labarin.

Mutumin James Gray ne. Ba wani shahararren farfesa ba ne, tsohon malamin Turanci ne na sakandare, ya koyar a San Leandro kusa da Oakland, daga baya ya koma sashen ilimi na Berkeley yana duba ɗalibai masu tichin firaktis. Wannan aikin ne ya buɗe masa ido, domin kullum yana cikin makarantu, yana shiga aji-aji, yana zama a baya yana kallo. Abin da ya gani shi ne akwai malamai a unguwannin nan da suka iya koyar da rubutu sosai, wata tana da dabarar sa yara su gyara aikin junansu, wani yana da hanyar da yake bi yaro ya haɗa gajerun jimloli su zama doguwa mai ma'ana, amma kowa ya rufe ƙofar ajinsa yana yi shi kaɗai, malamin da ke ajin kusa ma bai san me ake yi ba, balle jami'a. In malamar ta yi ritaya shi ke nan dabarar ta tafi da ita.

Kuma ba wai ba a yin bita ba ne a lokacin. Ana yi. A shekarun 1960 gwamnatin tarayya ta zuba kuɗi a kwasa-kwasan hutun bazara na malamai, amma tsarinsu ɗaya ne, farfesa ya tsaya a gaba ya yi lakca, malamai su zauna su kwafa, a raba satifiket a watse. Shi farfesan ƙila rabonsa da tsayawa gaban yara 'yan shekara 13 ya manta, ko ma bai taɓa ba. Wannan kam mu ma mun san shi, ba sai an ba mu labari ba, ni kaina na sha zama a bitar da mai jawabi ya kwashe awa 3 yana karanto mana yadda ake koyar da insha'i kuma har aka tashi ba wanda ya rubuta layi ɗaya in ban da sunansa a takardar alawus.

Akwai wata matsalar ma da ta fi wannan zurfi. Malaman nan duk masu lasisi ne, sun yi digiri, jiha ta tantance su, amma karatun da suka yi na adabi ne da nahawu da hanyar koyar da karatu, shi rubutu kansa kusan ba a koya musu yadda ake koyar da shi ba. Ana ɗauka tunda ka yi digiri ai ka iya. Don haka malami abin da aka yi masa shi yake yi wa yara, ya rubuta take a allo, ya ce a kawo gobe, ya bi da jan biro ya zagaye kurakurai, ya sa maki, yaro ya kalli makin ya cusa takardar a jaka. Wannan ba koyarwa ba ce, ba da aiki ne da yanke hukunci, tsakiyar inda ainihin koyon yake babu kowa a wurin.

Yadda aka tsara abin

A bazarar 1974 Gray da abokan aikinsa, cikinsu akwai Cap Lavin da Miles Myers waɗanda su ma malaman makaranta ne, suka kira malamai 20 da 'yan kai zuwa harabar Berkeley na tsawon makonni, aka sa wa shirin suna Bay Area Writing Project, wato shirin rubutu na yankin da ke kewaye da San Faransisko. Abu na farko da ya bambanta shi, ba malamai masu rauni aka tattaro don a gyara su ba, gwanaye aka gayyato. Wannan kaɗai ya juya komai. Mutum ya zo ne a matsayin wanda ake so a ji ta bakinsa, ba wanda aka kawo ƙararsa ba, kuma aka ba su ɗan abin kashewa don hutunsu ne suka sadaukar.

Tsarin da ya fito daga nan, wanda aka ci gaba da bi shekara da shekaru, kwas ne na mako 4 zuwa 5 a hutun bazara, ana wuni ana yi. Kowane malami akwai ranarsa, zai tsaya gaban 'yan uwansa ya nuna dabara ɗaya da yake amfani da ita a ajinsa wadda ta yi masa aiki, kuma ba bayani kawai ba, sai ya sa su sun yi abin da hannunsu kamar su ne ɗaliban, ya zo da takardun yaransa na gaske a gani, masu kyau da marasa kyau, sannan ya faɗi dalilin da ya sa yake ganin hanyar tana ci. Bayan ya gama sai a yi masa tambayoyi, wani ya ce to yaron da Turanci ba harshen gidansu ba ne fa, wata ta ce ni 'yan aji 2 nake koyarwa ta yaya zan rage wannan ya dace da su. Malami da yawa a nan ne karo na farko da wani ya taɓa tambayarsa me ya sa kake yin abin da kake yi, kuma amsa wannan tambayar ita ke mayar da gogewa ta zama ilimin da za a iya miƙa wa wani.

Sannan an cakuɗa su da gangan, malamar firamare tana zaune kusa da lakcara na jami'a kusa da malamin sakandare, daga baya har da masu koyar da tarihi da kimiyya. To ka ga wanda kake ɗora wa laifi jiya yau ga shi a gefenka yana nuna maka takardun yaransa, bakinka ai sai ya mutu. Lakcara ya ga irin wahalar da ake sha kafin yaro ɗan shekara 6 ya rubuta jimla ɗaya, ita kuma ta ga me ake jira daga yaron nan in ya kai shekara 18.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai, kuma shi ne zuciyar lamarin gaba ɗaya, shi ne an ce dole kowa ya yi rubutu. Ba lesin filan ba, ba rahoto ba, rubutun kansa, labarin mahaifiyarsa, ko wata rana da ba zai manta ba, ko ra'ayinsa kan wata matsala ta aikin koyarwa. A raba su ƙananan rukunai na mutum 4 ko 5, kowa ya karanta abin da ya rubuta da babbar murya, 'yan uwa su ce nan ya taɓa ni, nan ban gane ba, nan kamar ka yi sauri, ya koma ya sake, ya dawo ya kuma karantawa. A wurare da yawa har kujera ake warewa ta marubuci, ka hau ka karanta wa kowa, a ƙarshen kwas a haɗa rubuce-rubucen a ɗan littafi kowa ya tafi da kwafinsa.

Ku yi tunanin malamin da ya shekara 15 yana jan biro a takardun yara, yau an ce ga farar takarda rubuta. Hannu na rawa, ya rubuta layi ya soke, ya ji kunyar karantawa gaban mutane, ya ji yadda kalma ɗaya mai zafi daga wani take kashe masa gwiwa, ya kuma ji yadda tambaya ɗaya mai kyau take buɗe masa hanyar shafi 3. Wallahi wanda ya ɗanɗana wannan in ya koma aji ba zai sake kallon yaron da ya kasa fara rubutu a matsayin malalaci ba. Kuma zai gane da jikinsa cewa rubutu ba a zama ɗaya ake yinsa ba, akwai tattaro tunani, akwai zubawa yadda ya zo, akwai sake gini, gyaran harafi da waƙafi shi ne na ƙarshe ba na farko ba. Na gwada wannan da kaina, ranar da na fara rubutu a allo gaban yara ina sokewa ina sakewa suna kallo, wani yaro cewa ya yi Malam ashe kai ma kana kuskure, kuma daga ranar ya daina ɓoye min littafinsa.

Bayan nunin dabara da rubutun kai, ƙafa ta uku ita ce karatu, don kar abin ya tsaya a hira da gogewa kawai. Lokacin ya dace da fitowar sabon bincike a fagen, Janet Emig a 1971 ta zauna da 'yan ajin ƙarshe na sakandare tana bin yadda suke rubutu mataki-mataki, Donald Murray a 1972 ya yi kira a koyar da rubutu a matsayin tafiya ba kayan da aka gama ba, Peter Elbow a 1973 ya yayata dabarar rubutu ba tsayawa na 'yan mintoci ba tare da gyara ba don a saki hannu. Malaman suna karanta irin waɗannan su auna da abin da suke gani a ajinsu, wani su yarda wani su ce wannan ba zai yi a wurinmu ba.

Maganar kiredit da lasisi

A nan ne jami'a take da amfani, kuma bai kamata a raina shi ba. Kwas ɗin a ƙarƙashin jami'a yake, a wurare da yawa wanda ya gama yana samun kiredit na matakin gaba da digirin farko wanda zai iya haɗawa cikin mastas ɗinsa. A Amurka wannan ba ado ba ne, jihohi da yawa ba sa ba malami lasisi na har abada, duk bayan 'yan shekaru sai ya sabunta kuma sai ya nuna ya ƙaro ilimi, sannan a gundumomi da yawa albashi yana hawa ne da yawan kiredit ɗin da ka tara bayan digiri. Don haka malamar da ta bar 'ya'yanta da hutunta ta zo ta zauna wata guda ba a banza ta zo ba. Ina ganin wannan adalci ne, ba daidai ba ne a ce wa malami ya ƙaro ilimi don Allah kawai alhali kowane ma'aikaci in ya ƙaro ana gani a aljihunsa.

Kuma in an gama ba sallama ake yi ba. Wanda ya kammala ya zama malami mai ba da shawara, shi za a tura makarantu a cikin shekara ya jagoranci bita ga sauran malamai, ba ta yini ɗaya ba, jeri ne ana dawowa, kuma a biya shi. Malamai sun fi sauraron wanda suka san gobe da safe shi ma aji zai shiga, mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo. Daga nan kirarin shirin ya samo asali, malamai ke koyar da malamai.

Abin da ya biyo baya

Abin ya bazu da sauri. Zuwa 1976 an sami cibiyoyi 14 a jihohi 6, da tallafin gidauniyoyi, sunan ya koma National Writing Project, ko wace cibiya tana zaune a wata jami'a tana aiki da makarantun yankinta. A 1991 majalisar dokokin Amurka ta sa shi cikin shirye-shiryen da gwamnatin tarayya ke ba kuɗi, kuma cikin waɗanda suka tsaya masa har da Sanata Thad Cochran na Misisipi, jihar da ke cikin mafi talauci a ƙasar. Sharaɗin shi ne jami'ar da ke riƙe da cibiya ita ma ta kawo nata kason, ba ta zauna jiran Washinton ba. Da haka ya kai cibiyoyi kusan 200 a duk jihohi 50. Gray ya sauka daga shugabanci a 1994, ya rasu a 2005.

To amma fa ba kowa ya yi na'am ba, kuma sukar da ta fi nauyi daga cikin gida ta fito. Lisa Delpit, malama baƙar fata kuma mai bincike, ta rubuta maƙala a mujallar ilimi ta Harvard a 1986 ta ƙara wata a 1988, ta kawo koken malamai baƙaƙen fata da ke cewa wannan nacin a kan sakin hannu bai dace da yaransu ba. Hujjarsu ita ce yaranmu ai bakinsu a sake yake, suna da labari suna da fasaha, abin da suka rasa shi ne daidaitaccen Turancin da ake ba da aiki da gurbin jami'a da shi, yaron da iyayensa suka yi boko yana tsintar wannan a gida wurin cin abinci, namu in ba a koya masa ƙarara a aji ba ina zai samu? Ita Delpit ba cewa ta yi a koma haddar nahawu ba, cewa ta yi a koyar da ƙa'idojin a fili a cikin rubutu mai ma'ana, kuma a saurari malaman da suka fito daga cikin al'ummar yaran.

Ni a nan ina tare da ita ɗari bisa ɗari, kuma duk wanda ya koyar da yaron da Hausa yake yi a gida amma da Turanci zai rubuta jarrabawar WAEC zai gane me take nufi. Ka ce masa rubuta duk abin da ya zo maka kar ka damu da kuskure, madalla a matakin farko, amma in ka bar shi a nan ka cuce shi, don mai makin jarrabawa ba zai yafe masa ba. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne sukar ta taɓa shirin a daidai inda yake alfahari, shirin da ya ce a saurari malamai sai ga wasu malamai suna cewa mu ba a saurare mu ba. Wa ake gayyata a matsayin gwani, wa ke zaɓen, daga waɗanne makarantu, wannan tambaya ce da duk mai shirya irin wannan kwas sai ya amsa ta.

Sai kuma tambayar da masu ba da kuɗi ke yi, malamai sun ji daɗi mun ji, yaran fa, rubutunsu ya gyaru? Amsa mafi ƙarfi ta zo ne daga wani reshe na shirin mai suna College-Ready Writers Program, wanda ya mai da hankali kan abu ɗaya tak, koya wa yara rubutun kafa hujja, su karanta bayanai daga majiyoyi daban-daban su ɗauki matsaya su kare ta da shaida. Cibiyar bincike ta SRI International ta gwada shi a gundumomin karkara 44 masu fama da talauci a jihohi 10, aka yi ƙuri'a rabi suka samu horon rabi ba su samu ba tukuna, 'yan aji 7 zuwa 10 (wato daga ajin farko na ƙaramar sakandare zuwa ajin farko na babbar sakandare a tsarinmu), tsawon shekara 2 daga 2013 zuwa 2015. Sakamakon ya nuna yaran da malamansu suka samu horon sun fi sauran iya kawo hujja da amfani da shaida da tsara rubutu. Ku lura da yanayin horon da ya ba da wannan sakamakon, awoyi ne masu yawa a baje cikin shekara, da kayan koyarwa a hannu, da zama a duba takardun yara tare a ga me ya kamata a koyar gaba. Wato sakin hannun nan an ɗaure shi da koyarwa ƙarara, kusan abin da Delpit ta nema tun shekaru 30 baya.

Kar kuma a ɗauka matsalar rubutu ta ƙare a Amurka. A jarrabawar auna ilimi ta ƙasa ta 2011 kashi 27 cikin 100 ne kawai na 'yan aji 8 da 'yan aji 12 suka kai matakin ƙwarewa a rubutu. Kwas da ke ɗaukar mutum 20 a bazara, ko da cibiyoyi 200 ne, ba zai game ƙasar da ke da malamai sama da miliyan 3 ba, kuma malamin sakandare da ke ganin yara fiye da 100 a rana ko ya iya koyarwa yaushe zai karanta daftari 2 ko 3 na kowane yaro? Wannan ciwon namu ya ma fi nasu, mai aji ɗaya da yara 80 ya san abin da nake faɗa. Abin da ke ɗan rage nauyin shi ne rukunin nan na karanta wa juna, in yara suka koyi yi wa junansu tambaya mai kyau ba kowace takarda ce sai ta bi ta hannun malami ba, amma shi ma sai malamin ya taɓa zama a irin rukunin kafin ya iya kafa shi.

A shekarar 2011 ɗin dai, a watan Maris, aka yanke kuɗin da gwamnatin tarayya ke ba shirin kai tsaye, wajen dala miliyan 25 a shekara, lokacin da majalisa ta soke irin wannan kason da ake ware wa ƙungiyoyi da suna. Shirin bai mutu ba, ya koma neman tallafi ta hanyar gasa, kuma da irin wannan kuɗin ne ma aka yi gwajin gundumomi 44 ɗin. Amma cibiyoyi sun ji jiki, wasu sun rufe, da yawa sun rage kwanakin kwas ɗin bazara ko sun mayar da wani ɓangare ta intanet, a wasu wuraren kuma malami ko makarantarsa ke biyan kuɗin kiredit. Abin da ke damuna da wannan ragin shi ne nunin dabara ana iya matse shi cikin mako 2, karatun bincike ana iya yinsa a gida, amma mutum ya saki jiki ya karanta labarin rasuwar mahaifinsa gaban mutane 4 da bai sani ba, ya yarda su ce masa sakin layi na biyu bai fito ba, ya koma ya sake har sau 3, wannan yana son kwanaki ana cin abincin rana tare. Kuma malamar ƙauye da albashinta bai taka kara ya karya ba, wadda ita ta fi buƙatar kwas ɗin, ita ce ta farko da za ta fasa zuwa in aka ce ta biya daga aljihunta.